Kundin aikin wayar da kan ma'aurata game da tazarar haihuwa a unguwarmu, Garwa

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Yau ƙungiyar adashin matan unguwarmu, nan kusa da Hausare a cikin Garwa ta arewacin Kamaru, ta tsayar da shawarar fara aikin da muka daɗe muna jujjuya maganarsa, wato zama da ma'aurata domin a yi musu bayanin hanyoyin tazarar haihuwa dalla-dalla, cikin Hausa da Fulatanci. An ɗora mini nauyin rubuta abin da ke gudana, domin waɗanda suka ba da gudummawa su san inda kuɗinsu ya shiga, kuma idan wata unguwa ta so yin irinsa ta ga wuraren da aikin ya yi mana tauri.

Kwanika ce ta tayar da maganar. A layinmu kaɗai akwai matan da goyonsu bai fara rarrafe ba suka wayi gari da wani cikin, aka yaye yaron ba shiri, ya shiga gudawa da rama, uwar kuma jini ya yi mata ƙaranci har tafin hannunta ya yi fari. Babban binciken lafiya da aka gudanar a Kamaru a 2018 ya nuna cewa matan aure 15 cikin 100 ne kawai ke amfani da hanyoyin zamani, alhali 23 cikin 100 suna son su jinkirta ciki ko su dakata amma ba sa amfani da komai, kuma a yankunanmu na arewa masu amfani da hanyoyin ba su kai na kudu ba. Binciken ya kuma ƙiyasta cewa mata 406 ne ke rasuwa a sanadin ciki da haihuwa cikin kowace haihuwa 100,000.

Mu huɗu ne za mu riƙe aikin: ni, da maigidana Malam wanda zai ji da ɓangaren maza, da ungozomar asibitin unguwa, da Inna, tsohuwar ungozomar gargajiya wadda ta yanke cibiyar rabin mutanen layin nan. Mun yi yarjejeniya cewa ba za mu ba kowa magani ko allura ba, namu bayani ne da rakiya zuwa asibiti, kuma ba za a rubuta sunan kowa a wannan kundi ba.

Kuɗin da ke hannu sefa 40,000 ne: 25,000 daga adashi, 15,000 daga wani ɗan kasuwa da ya nemi a sakaya sunansa. An kashe 3,500 wajen sayen littafin rubutu da buga hotunan bayani. Saura 36,500.

Asabar, 11 ga Janairu

Mun yi zaman farko da mata bayan la'asar a tsakar gidan Hajiya shugabar adashi, kuma tabarmi sun cika har wasu suka zauna a kan turmi. Kafin ungozoma ta ce komai, na roƙi matan su faɗi abin da suka sani. Babu wadda ba ta taɓa jin allurar wata uku da ƙwaya da ashanar fata ba, har da amaren da ba su cika shekara a ɗaki ba. Amma da aka shiga bayanin yadda kowace hanya ke aiki sai ga abin da ke ƙasa ya fito: wata ta ce ashana tana bin jini ta tafi zuciya, wata ta ce robar mahaifa tana maƙalewa a kan jariri, da yawa kuma sun yi imani cewa allura tana kashe mahaifa har abada, kuma jinin da ya ɗauke yana taruwa ne a ciki ya zama ƙari.

Ungozoma ta zo da samfura a cikin jakarta, ta miƙa su hannu zuwa hannu. Ta nuna 'yan sanduna biyu na Jadelle, kowanne bai wuce tsinken ashana ba, ta ce ana sa su a ƙarƙashin fatar damtse su yi aiki shekara 5, akwai kuma mai sanda ɗaya, Implanon, na shekara 3, kuma duk ranar da mace ta so ana cire mata. Robar mahaifa mai jan ƙarfe tana kai shekara 10, ba ta kuma ɗauke da sinadarin da ke taɓa al'ada sai dai takan ƙara yawan jinin a watannin farko. Matan suna ta jujjuya samfuran ba su gamsu ba, har wata matashiya mai 'ya'ya uku ta yaye mayafinta, ta naɗe hannun riga, ta ce tana da ashanar tun bayan arba'in ɗin autarta, duk mai so ta zo ta taɓa. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa danna yatsa a damtsenta suna jin sandunan a inda aka sa su, ba su gusa ko'ina ba. Abin da wannan yarinya ta yi ya fi duk hotunan da muka buga amfani.

An daɗe a kan shayarwa, domin mafi yawan matan sun ɗauka muddin yaro yana shan nono ciki ba zai shiga ba. Ungozoma ta bayyana cewa shayarwa tana kāre mace ne idan sharuɗɗa uku sun haɗu: jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana ba ruwa ba kunu, kuma al'ada ba ta dawo ba. Da zarar ɗaya ya faɗi, kariyar ta tafi. A garin da ake ɗura wa jariri ruwa tun makonsa na farko saboda zafi, sharaɗi na biyu ba ya daɗewa.

Daga ƙarshe na tambaye su ko akwai wadda ta taɓa yin wannan magana da maigidanta. Wurin ya yi tsit. Wata ta ce, "Yaya, ai ba zai yarda ba." Na ce, "Kin tambaye shi?" Ta ce ba ta taɓa ba, tana jin nauyi, kuma tana tsoron ya ce ta gaji da shi ne.

Ruwa da goro 2,000, kuɗin mashin na ungozoma 1,000. Saura 33,500.

Juma'a, 17 ga Janairu

Zaman maza ya watse tun ba a yi nisa ba. An yi shi bayan isha'i a zauren gidanmu, ina daga ciki ina jin duk abin da ake faɗa. Malam ya buɗe da addu'a, ya fara bayanin dalilin taron, bai kai ga ambaton ko hanya ɗaya ba wani Alhaji mai shekaru ya katse shi ya ce, "Malam, kafin ka ci gaba, gaya mana wanda ya ba ku kuɗin wannan aiki." Malam ya faɗi gaskiya, cewa adashin mata ne da wani ɗan unguwa, amma Alhaji ya ce shi ya san irin wannan magana daga waje take zuwa, ana so a rage yawan Musulmi ne, kuma bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Wani saurayi ya kunna wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp, inda wani da ba a san ko wane ne ba yake rantsuwa cewa allurar tana sa ciwon daji. Wani kuma ya ce bai ga dalilin da za a zauna a bainar jama'a ana tattauna abin da ke tsakanin mutum da iyalinsa ba. Dattawa suka miƙe, kuma da dattawa suka miƙe babu yaron da zai iya ci gaba da zama. Shayin da aka dafa ya huce a cikin buta.

Ban ga laifin mai maganar ƙarshe ba. A kan tabarma ɗaya akwai uba da ɗansa, akwai suruki da mijin 'yarsa, kuma babu mai kunya da zai buɗe baki a kan irin wannan batu a gaban waɗannan. Shi ma zargin Alhaji ba abin yi wa dariya ba ne, domin mutanen da ba a cika tuna su ba wajen ruwan sha da magani suna da hujjar tambaya idan aka zo musu da wani abu da ya shafi haihuwarsu. Amsar da ta dace da shi ita ce a nuna masa lissafin kuɗin, a kuma tabbatar masa babu mai gaya masa yawan 'ya'yan da zai haifa.

Abin da ya hana ni karaya shi ne, bayan kowa ya tafi, mutum biyu sun dawo a lokuta dabam-dabam suka yi sallama da Malam a ƙofar gida. Ɗaya matarsa ta yi ɓari sau biyu a jere, ɗayan kuma an yi wa tasa aiki a haihuwar da ta wuce, likita ya ce ta huta, bai san yadda ake hutawar ba kuma ya ji nauyin tambaya.

Shayi, sukari da goro 4,500. Saura 29,000. Za a raba maza gida biyu bisa shekaru, kuma za a je wurin Liman kafin a sake kiran kowa.

Laraba, 22 ga Janairu

Malam da Inna sun je gaishe da Limamin masallacin unguwa da hantsi, suka dawo da azahar. Malam ya ce ya fara da cewa, "Allah gafarta Malam, mun zo neman haske ne," sai Liman ya ce labarin zauren ya riga su isowa. Ya karanta musu aya ta 233 a Suratul Baƙara, inda aka ambaci shayarwa shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa, da aya ta 15 a Suratul Ahƙaf mai cewa ɗaukar ciki da yaye wata talatin ne. Ya kawo hadisin Jabir da ke cikin Buhari da Muslim, cewa Sahabbai suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, alhali Alƙur'ani yana sauka. Ya kuma tuna musu cewa majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta jinkirta ciki na wani lokaci idan akwai buƙata kuma miji da mata sun yarda, ta hana kashe haihuwa gaba ɗaya sai da larura, ta kuma hana hukuma kafa dokar da za ta iyakance wa ma'aurata yawan 'ya'ya.

Ya yarda zai buɗe zaman maza na gaba da bakinsa, bisa sharaɗin cewa magana ta tsaya a kan ma'aurata, a gina ta kan lafiyar uwa da haƙƙin abin goyo ba kan tsoron talauci ba, kuma kada a zuga mace ta yi a ɓoye. Bai yarda ya kai maganar kan mumbari ranar Juma'a ba, ya ce wuri ne da yara ke zama.

Sharaɗi na uku ya jawo doguwar magana tsakanina da ungozoma da yamma. Ta ce ita a wurin aikinta ba za ta kori macen da ta zo ita kaɗai ba, kuma ba za ta tona asirinta ba, domin ta ga matan da wani cikin zai iya zama ajalinsu alhali mazansu ba sa sauraro. Na fahimce ta sarai. Mun tsaya a kan cewa aikin asibiti nata ne da ƙa'idojinsa, mu kuwa a zamanmu za mu dage a kan miji da mata su yi magana da juna.

Goron gaisuwa 1,500. Saura 27,500.

Asabar, 25 ga Janairu

Zaman mata na biyu, a kan ƙwayoyi. An bayyana bambancin ƙwayar da ta dace da mai shayarwa da wadda ba a ba mai ɗanyen goyo ko mai hawan jini, da dalilin da ya sa dole a auna jinin mace kafin a ba ta. An kashe 3,000. Saura 24,500.

Juma'a, 31 ga Janairu

An yi zaman magidanta matasa, mafi yawansu 'yan mashin da teloli da mahauta, kuma wannan karon an kai ƙarshe lafiya. Liman ya yi magana gajeriya ya tafi, domin a saki jiki. Malam ya ajiye littafin lissafin kuɗinmu a tsakiyar tabarma ya ce duk mai so ya duba. Daga nan ya tambaye su abin da mutum ke gani a gidansa idan goyo da ciki suka haɗu, sai suka karɓe maganar da kansu: yaron da aka yaye da wuri ba ya rabuwa da asibiti, uwar ba ta iya tashi ta yi girki, jaririn da ya biyo baya yakan zo ƙarami ko bakwaini. Ya gaya musu shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani ciki, bayan ɓari kuma aƙalla wata 6, suka lura da kansu cewa wannan bai yi nisa da abin da Liman ya karanta ba.

Da yawansu sun ce azalu suke yi, ko ƙirgen kwanaki. Malam ya karanta musu alƙaluman da ungozoma ta rubuta masa daga littafin jagora na ma'aikatan lafiya: a yadda mutane suka saba amfani da hanyoyin, cikin mata 100 a shekara guda, kimanin 20 ne ke ɗaukar ciki idan azalu aka dogara da shi, 13 da kwaroron roba, 7 da ƙwaya, 4 da allura, ashana da robar mahaifa kuwa ba a samun ko mace ɗaya cikakkiya cikin ɗari. Tambayar da ta fi yawa ita ce ko haihuwa tana dawowa. Amsar ita ce tana dawowa: da ashana da roba da ƙwaya ba a jimawa bayan an daina, allurar wata uku ce kaɗai ke da jinkiri, domin mace takan kai kimanin wata 10 daga allurar ƙarshe kafin ta ɗauki ciki, wata ma ta haura shekara. Malam bai ɓoye wannan ba, kuma na ji daɗin hakan, domin wanda aka ɓoye wa jinkirin shi ne zai fito gobe yana cewa an kashe wa matarsa mahaifa.

Wani tela ya faɗi abin da ya tsaya mini a rai. Ya ce shi ya daɗe yana tausayin matarsa, amma yana ganin idan ya kawo maganar za ta ɗauka aure zai ƙara, ko yana so kishiyarta ta fi ta 'ya'ya. Wasu suka ce su ma haka. Ke nan matan suna cewa maza ba za su yarda ba, mazan suna cewa mata ba za su yarda ba, kuma a gida ɗaya suke kwana. Malam ya ba su labarin makarantar mazaje da aka fara a yankin Damagaram na Nijar, inda magidanta ke haɗuwa a kai a kai suna tattauna lafiyar iyalansu, wasu suka ce a mayar da zaman namu na kowane mako biyu.

An kashe 4,000. Saura 20,500.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Tun ranar Litinin magana ta bazu a unguwa cewa taronmu ya jawo wa wata yarinya zubar jini. Da muka bi diddigi sai muka tarar yarinyar ba ta taɓa zuwa zamanmu ba. Tun kafin mu fara ta je wurin wani mai sayar da magani a kasuwa ya yi mata allurar wata uku, bai auna ta ba, bai gaya mata komai ba. Jini ya riƙa ɗiga mata kaɗan-kaɗan makonni da yawa, ta bar salla duk tsawon lokacin tana zaton haila ce, ta nisanci mijinta ba tare da ta faɗa masa dalili ba, har uwar mijin ta tsare ta da tambaya ta faɗi gaskiya. Gidan ya rikice, mijin ya yi fushi saboda an yi ba da saninsa ba, uwar mijin kuma ta ce mu ne muka kawo wannan fitina layin.

Ni da Inna muka je da safe. Na gaishe da tsohuwar na durƙusa, ba ta amsa da sakin fuska ba. Inna ce ta yi maganar, kasancewar sa'arta ce. Ta ce, "Yaya, ke da ni mun san yadda aka yi da mu. A zamaninmu mace tana haihuwa ake kai ta gidan iyayenta, ta yi wankan jego, ba ta komawa turaka sai yaro ya yi ƙwari, wata ma sai an yaye shi, kuma wadda ta yi kwanika har waƙa ake yi mata. Yanzu ɗaki ɗaya ne, kwana arba'in ne, wa zai raba su? Yarinyar nan hutun da aka ba mu take nema, ta dai bi ta hannun da bai dace ba." Tsohuwar ta yi shiru, can ta ce ita jinin ne ya tsorata ta, domin ta taɓa rasa 'ya a kan zubar jini bayan haihuwa.

Da la'asar mijin ya yarda ya kai ta asibiti da kansa. Ungozoma ta duba ta, ta tabbatar babu ciki kuma babu wani ciwo, ta ba ta maganin ƙarin jini, ta bayyana musu su biyu cewa ɗigon jini a watannin farko abu ne sananne ga wannan allura, yakan ragu, mata da yawa ma al'adar takan ɗauke musu gaba ɗaya bayan shekara, kuma babu jinin da ke taruwa a ciki domin mahaifar ce ba ta tara shi tun farko. Ta ce idan jinin ya yi yawa ƙwarai ko ya zo da zazzaɓi da ciwon mara a dawo nan take. Ba su yanke shawarar ci gaba ko dainawa a wurin ba, kuma ba wanda ya matsa musu.

Wannan lamari ya nuna mini cewa mai sayar da allura a kasuwa ya riga mu shiga gidajen nan da daɗewa. Matan suna amfani da hanyoyin, abin da ba su samu ba shi ne wanda zai gaya musu abin da za su gani a jikinsu.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Saboda abin da ya faru mun sauya darasin yau, muka gayyato Malamar Islamiyyar matan aure ta zauna tare da ungozoma. Mahalarta sun ragu sosai, wasu mazan sun hana. Ungozoma ta bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya tana faɗin canjin da kowace ke kawowa ga al'ada. Malama kuma ta yi bayanin istihala, wato jinin da ya zarce kwanakin haila, bisa mazhabar Malikiyya kamar yadda yake a Ahalari: mace mai sananniyar al'ada, idan jini ya zarce, tana ƙara kwana uku a kan mafi tsawon kwanakinta muddin ba ta haura kwana 15 ba, daga nan ta yi wanka ta yi salla da azumi, mijinta kuma ya halatta gare ta, wadda jinin ke zuwa yana ɗaukewa kuwa tana harhaɗa kwanakin jinin ne har su cika adadinta. Tambayoyi sun yi yawa har magariba ta kusa. Wata ta ce ta cire ashanarta bara ba don ciwo ba, sai don ta rasa yadda za ta yi da sallarta kuma ta ji kunyar tambayar malami namiji. A ganina wannan darasi ya kamata ya zama na farko a duk inda za a yi irin wannan aiki a cikin Musulmi.

An kashe 3,000. Saura 17,500.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Mata huɗu da suka daidaita da mazansu sun nemi in raka su asibiti, biyu daga cikin mazan ma sun bar sana'arsu sun biyo mu. Mun isa da sassafe, muka bi layi, da aka zo kanmu aka ce ashana ta ƙare tun makon jiya, allurar ma saura kaɗan kuma an ajiye wa masu dawowa karɓar ta biyu. Ba laifin ungozoma ba ne, ta aika takardar neman kaya ba a kawo ba. Ɗaya daga cikin mazan ya ce, "Hajiya, kun sa na rufe shago saboda wannan?" Ban sami abin ce masa ba sai haƙuri.

Muka ɗauki mashina zuwa wani asibiti a ɗaya gefen gari. Can akwai kayan, amma mai sakawa ta fita, sai bayan azahar ta dawo, kuma kuɗin kati da aka nema ya fi wanda muka gaya wa matan. Biyu sun samu, ɗaya ta zaɓi allura, ta huɗun kuma mijinta ya gaji ya ce su tafi gida, har yanzu ba su sake waiwayar maganar ba. Makonni aka yi kafin mutumin nan ya amince, wuni ɗaya ya mayar da shi baya, kuma zai ba abokansa labari a majalisa.

Daga yau ba za mu raka kowa ba sai mun kira ungozoma a waya ta tabbatar kayan suna nan, mai sakawa tana nan, an kuma faɗi kuɗin tun daga gida. Mashina 4,000. Saura 13,500.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ba a yi zama ba, an yi rasuwa a layin bayanmu.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Wannan makon mun gwada wani salo: ni da Malam muna zuwa gidan ma'auratan da suka gayyace mu, bayan isha'i, mu zauna mu huɗu. Ya fi taro cin lokaci amma ya fi shi zurfi. A wani gida mijin ya ce ba ya son magani ko kaɗan, sai muka nuna musu carbin ƙirgen kwanaki mai 'ya'ya 32: ana fara ƙirge daga jan ɗan carbi ranar da al'ada ta zo, fararen kuma su ne kwana na 8 zuwa na 19, lokacin da ake ƙauracewa ko a yi amfani da kwaroron roba. Mun gaya musu cewa yana yi ne kawai ga macen da zagayen al'adarta ke tsakanin kwana 26 da 32, ba ya yi wa mai jego da al'adarta ba ta daidaita ba, kuma kimanin 12 cikin 100 kan ɗauki ciki a shekara. Mijin ya karɓi carbin ya ƙirga da kansa, ya ce shi zai riƙa matsar da zoben. Matar ta ce tunda aka yi aurensu ba su taɓa yin magana mai tsawo irin wannan ba.

Ungozoma ta ba da shawarar mu haɗa aikin da masu ciki, musamman waɗanda suka sayi takardar shek sante ta sefa 6,000 da ke ɗauke musu kuɗin awo da haihuwa da kulawa har kwana 42 bayan haihuwa, domin lokacin awo ne ya fi dacewa miji da mata su yanke shawarar abin da za su yi bayan arba'in, tun kafin al'ada ta dawo ba a sani ba.

Ruwa, goro da carbi biyu na nuni 2,500. Saura 11,000.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Azumi ya ƙarato, ana sa ran ganin wata a ƙarshen makon nan, don haka mun dakatar da taruka sai bayan Salla. Na zagaya gidajen masu shan ƙwaya na isar da saƙon ungozoma, cewa su mayar da lokacin sha zuwa dare tun yanzu, musamman masu ƙwayar shayarwa wadda jinkirin fiye da awa 3 ke rage mata ƙarfi. Masu allura an duba musu katinsu, an rubuta wa kowace ranar komawa. Wadda ta makara tana da sararin mako 4, amma mun roƙe su kada su jingina da shi. Tambayar ko allura tana karya azumi mun miƙa ta ga Malama, za ta amsa a Islamiyya ranar Asabar.

Katin waya na kiran asibiti 2,000. Saura 9,000, suna hannun Hajiya shugabar adashi.

Bayan Salla akwai zama na musamman da iyayen miji, wanda Inna za ta jagoranta ita kaɗai ba tare da samfura ko hotuna ba, da zaman dattawan da bai yiwu ba a Janairu, wanda Liman ya ce a yi shi a ƙofar gidansa. Malam zai nemi ganin mai sayar da maganin nan na kasuwa, ba don rigima ba, don a roƙe shi ya riƙa tura mata asibiti. Za mu kuma rubuta wa kwamitin lafiya na unguwa takarda a kan yankewar kaya, da Faransanci, ungozoma ta duba ta kafin a kai. Watan Afrilu zafin Garwa yakan haura digiri 40, ba za a iya zaman la'asar a tsakar gida ba, sai dai a koma bayan magariba, wanda ke nufin sayen fitila mai caji da ƙarin ruwan sha. Na ƙiyasta zango na biyu zai ci sefa 30,000, ke nan muna neman ƙarin 21,000, kuma za a gabatar da buƙatar a zubin adashi na farkon Shawwal.